Tarko Ba Ya Tambayar Wanda Ya Taka Shi

Assalamu alaikum. Jama'a, a ɗan matso gaba don na baya su ji.

Mai bindiga yana ganin abin da zai harba kafin ya ja kunama. Mai tarko kuwa yana gida yana barci, tarkonsa na can yana aiki, ko dila ce ta taka, ko karen wani, ko dabbar da doka ta hana a taɓa. Duk wani tunani da za a yi, sai an yi shi kafin a ɗana. Wannan ne ya sa hukumomi da dama suka ce ba lasisi sai an yi kwas an samu takardar shaida.

A jihar Minesota ta Amurka, duk wanda aka haifa bayan 1989 kuma bai taɓa riƙe lasisin tarko ba, sai ya nuna shaidar kwas. A lardunan Ontariyo da Kebek na Kanada ma sabon shiga sai ya zauna a aji. To, me ake koyarwa? Ku dubi farantin da ke tsakiyar tarkon ƙarfe. Akwai ƙusar da ake ɗaurewa ta yadda ƙaramar dabba za ta taka ta wuce, sai mai nauyin da ake nema ce za ta sa ya tashi. Zargen waya kuma ana sa masa wani ɗan ƙarfe da ke ɓallewa idan babbar dabba irin barewa ta fizge shi. Wanda bai san wannan ba, ɓarna zai yi ta yi yana cewa tsautsayi ne. Sannan ga sanin lokacin da aka buɗe farauta, da neman izinin mai fili, da manna suna ko lambar lasisi a jikin kowane tarko.

Kada ku ɗauka tausayi kaɗai ya kawo wannan, har da kasuwa. A 1991 Turai ta kafa dokar hana tarkon da ke cafke ƙafa, ta kuma yi barazanar rufe ƙofa ga fatun ƙasashen da ke amfani da shi. Daga nan aka ƙulla yarjejeniya da Kanada a 1997, Rasha ta biyo baya. A ciki an ce tarkon kisa ya gusar da hankalin yawancin dabbobi cikin daƙiƙa 300, wasu 120, wata ma 45. Ana gwajin tarkunan a garin Begrebil, a lardin Albata na Kanada.

Wani zai ce, wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni fa? Tambaya ce mai kyau, kuma shi ya sa dokoki da yawa suka ƙyale tsofaffin hannu. A ganina ma su ya kamata a ba alli su koyar. Abin da ya fi damuna shi ne zagaye. Wurare da dama sun wajabta a duba tarko kowace rana, amma takarda ba ta tashin mutum da asuba cikin sanyi. Nan sai jami'an gandun daji sun shiga jeji da ƙafarsu, suna karanta lambobin da ke jikin tarkuna.