Shekara goma sha biyar a bakin aiki: tana iya zama mastas?

Hauwa: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun ranar Talata wayata ba ta huta ba. Wani ne ya jefo talla a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu, wai ka aiko da bayanin ayyukan da ka yi, a aiko maka da kwalin mastas, ba aji ba jarrabawa. Kowa sai tambaya yake, gaskiya ce ko damfara. Yaya Nasiru, ga ka ga Isufu.

Nasiru: Wancan tallan dai damfara ce, Hauwa, ban ma tsaya tantama ba. Amma abin da ke ci mini rai, 'yan damfarar sun raɓu ne da wani abu na gaskiya. Ki ɗauki mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe da asusun wata ma'aikata. Shi ke tsara kasafi, shi ke amsa tambayoyin masu binciken kuɗi. Sai a kawo yaro da sabon kwali a ɗora masa a kai, kuma shi zai koya wa yaron aikin. In ya ce zai koma makaranta, sai a zaunar da shi ana koya masa abin da yake yi kullum tun kafin malamin ya gama sakandare. Wannan ciwo ne na gaske, kuma akwai ƙasashen da suka nemo masa magani.

Isufu: Faransa ke nan. Mu 'yan Nijar da muka tashi a tsarinsu mun san zancen, VAE suke kiransa, wato a tantance ƙwarewar da ka samu a bakin aiki a ba ka takardar shaida. A 2002 suka yi dokar. Da farko sai ka yi shekara uku a aikin kafin ka nema, daga baya aka rage zuwa ɗaya.

Hauwa: Su ba ka digirin ɗungurungum?

Isufu: Suna iya ba ka duka, suna iya ba ka wani ɓangare su ce je ka cike sauran, suna iya hana ka. Amma fa sai ka rubuta dosiye, wato kundin bayanin ayyukanka, mai kauri, sannan ka zauna gaban kwamitin malaman jami'a da ƙwararrun sana'ar su yi ta jefo maka tambayoyi. Akwai ɗan ƙanen babana da ke can, wata da watanni ya yi yana rubutun nan bayan ya tashi daga aiki.

Nasiru: Yauwa, a nan gizo ke saƙar. Ba shekarun ake ƙirgawa ba. Wani ya yi shekara ashirin a ofis, amma aikin rana ɗaya ya yi ta maimaitawa. Tambayar ita ce me ka koya, kuma ina shaida. Za a ajiye maka manhajar kwas ɗin a gabanka, a ce ga abin da ɗalibinmu ya kamata ya iya in ya gama, nuna mana inda ka yi irinsa. Sai ka fito da rahoton da ka rubuta, da tsarin da ka kawo ya yi aiki, har da wanda ya rushe da dalilin rushewarsa. A Ingila ma haka abin yake, sai dai su ragi suke yi maka. Mastas ɗinsu kiredit 180 ne, wato ma'aunin nauyin karatu, galibi 60 na kundin bincike. In kana da difloma ta gaba da digiri a fannin, ko ka tabbatar da ƙwarewarka, za su iya yafe maka wasu kwasa-kwasai, amma kowace jami'a da iyakar da ta sa, kuma kundin nan da wuya ka tsallake shi.

Hauwa: Tsaya Yaya, kiredit 180? Ni da na ji kiredit, katin waya ne ya faɗo mini.

Isufu: To mu a Maraɗi ai kiredi bashi ne. Ka ce wa mai shago kana neman kiredi 180, littafinsa zai jawo.

Hauwa: Ga kuma kiredit biyar na WAEC, har da Turanci da Lissafi, wanda ya hana mutane barci.

Isufu: Uku ke nan. Na waya, na mai shago, na jarrabawa.

Hauwa: Na Yaya Nasiru na huɗu.

Isufu: Kuma na wayar ma ana ranta, kin ga ya koma bashi. Ana iya tura wa wani, kin ga ya koma na jami'a, tunda shi ma an ce ana ɗauke shi daga wata makaranta a kai wata.

Hauwa: Wallahi kuwa! A kirawo magatakardan jami'a a ce ranka ya daɗe, a turo mini na ɗari da tamanin, zan biya ƙarshen wata.

Isufu: Ya ce layinka bai cancanci rance ba.

Nasiru: Kai, ku bar ni in ƙarasa mana. Isufu, ai ku ma kuna da shi, lisans, wato digirin farko, 180, mastar 120.

Isufu: Haka ne, amma awon ba ɗaya ba ne da na Ingila. Kamar tiya ce da mudu.

Nasiru: To mu dawo gida. A Najeriya hanyar da aka fi sani ita ce ta mai babbar difloma, ko wanda sakamakon digirinsa bai kai ba. Ya yi PGD, wato difloma ta gaba da digiri, tukuna, sannan ya shiga mastas. Karatun baya ne ya zama tsani. Kwasa-kwasai irin su MBA, mastas na harkar kasuwanci, kuwa sukan duba shekarun aikinka wajen ɗauka. Ƙofa yake buɗe maka, karatun kuma sai ka yi. Ga NOUN, jami'ar karatu daga gida, ga wanda ba zai iya barin aiki ba. An kafa ta a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo. Shi kansa bayan ya sauka daga mulki can ya yi rajista, ya yi karatu har digirin digirgir. Mutumin da ya riƙe ƙasa sau biyu, bai ce gogewata ta isa a miƙo mini ba.

Hauwa: Amma Yaya, ni fa ina tausaya wa masu faɗawa. Mace ce da 'ya'ya huɗu, ga aiki, ga ƙarin girma ya tsaya saboda takarda ɗaya. Ta ga talla an ce sati huɗu.

Nasiru: Ni ma ina tausaya mata, shi ya sa nake ɗaga murya. Ba mu manta da Kwatano ba ai. Ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga wata jami'a a can cikin sati shida ba tare da ya shiga aji ba. Ana shiga Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Wa ya sha wuya? Har da yaran da suka je suka zauna suka yi karatun tsakani da Allah. Kafin nan akwai kamfanin Axact na Karachi a Pakistan, wanda asirinsa ya tonu a 2015, jami'o'in bogi birjik a intanet, kuma da wannan zance na gogewar rayuwa suke farautar mutane. Wani abin ma, sukan ƙirƙiri hukumar tantancewa tasu ta bogi, ta tantance su. Kura ce ta ba kura shaida. Don haka in an ce miki an tantance, tambayi wa ya tantance. In a Najeriya ne, duba jerin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, har jerin haramtattun jami'o'i suna fitarwa. In takardar waje ce, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce za ta auna ta.

Isufu: Mu kuma CAMES muke dubawa, majalisar kula da ilimi mai zurfi ta ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, mai mazauni a Wagadugu.

Nasiru: Sannan ki tambayi wurin aikinki tun kafin ki biya ko sisi, za su karɓi wannan takardar? A rubuce, ba da baki ba. Na ga wanda ya sayar da filinsa...

Hauwa: Yaya, mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga mini hannu, kuma ga kiran Magariba. Tambayoyin masu saurare uku na tanada, ko ɗaya ban karanta ba. Har da ta wani bawan Allah bakanike daga Kaduna, da ke tambaya ko masu sana'ar hannu ma suna da irin wannan hanyar.

Nasiru: Suna da ita, ta hannun NBTE, hukumar ilimin fasaha, bari in...

Hauwa: A'a, mako mai zuwa da ita za mu buɗe. Isufu, yi sallama.

Isufu: Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.