Pricey: Yadda 'Yan Jaridar Turanci Ke Cewa Abu Ya Yi Tsada

Ku dubi wannan kalma ta Turanci: pricey. Haruffa shida ne. Ma'anarta "mai tsada", amma ba Turancin takardar ofis ba ne, na hira ne, irin abin da mutum zai faɗa wa abokinsa bayan ya taya takalmi, ya ji kuɗin, ya ajiye a hankali. Daga price aka samo ta, wato farashi, kuma ƙamusoshi sun nuna an fara ganinta a rubuce tun 1932.

To me ya kai kalmar hira cikin jarida? Ƙarancin wuri. Expensive haruffa tara ne. Idan kuma za a ce abu ya fi kowane tsada, most expensive na cin gurbi 14 har da tazarar tsakiya, priciest kuwa 8 kacal. A kanun labarin da za a karanta a fuskar waya, wannan bambancin ya isa ya mai da layi ɗaya biyu. Shi ya sa duk lokacin da aka fitar da jerin biranen da rayuwa ta fi tsada, kamar na 2023 da sashen bincike na kamfanin mujallar Economist ya fitar, inda Singafo da Zurich suka yi kunnen doki a sama, sai wasu kanun labarai su yi amfani da priciest, a cikin labarin kuma a koma most expensive.

Ku lura da rubutun. Akwai harafin e bayan c a pricey, amma yana faɗuwa a pricier (wanda ya fi wani tsada) da priciest. Ana rubuta pricy ma, sai dai bai kai wancan yaɗuwa ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne sautin kalmar. Tana ɗauke da ɗan murmushi, kamar mai ɗaga gira. Ta dace da sabuwar iPhone, ɗakin otal, tikitin kallon ƙwallo, ko hayar gida a Landan. A labarin iyayen da suka kasa sayen maganin ɗansu kuwa, sai ta zama kamar ana wasa da wahalar mutane, edita mai lura zai cire ta. Kuma hukunci ce, ba adadi ba. Tsada ga wa? Idan aka ga kalmar a sama, dole sakin layi na farko ko na biyu ya kawo farashin da abin da aka auna shi da shi.

Tana da 'yan uwa masu ruɗa mai fassara. Costly na iya nufin asara: kuskuren mai tsaron raga da ya jawo aka sha kashi costly ne, alhali ba a sayi komai ba. Overpriced zargi ne cewa kayan bai kai kuɗinsa ba, pricey kuwa na iya zama mai tsada kuma mai kyau. Priceless ita ce babban tarko. Ba kyauta take nufi ba, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ne.

Idan za a juya zuwa Hausa, a bit pricey shi ne "da ɗan tsada". In marubucin ya matsa, "ɗan karen tsada" ya yi, ko a ce "sai masu hannu da shuni". A guji "tashin gwauron zabi" a nan, domin wannan hauhawar farashi ce, pricey kuwa ba ta ce an ƙara ko sisi ba. Pricier ce ke buƙatar a karanta jimlar sau biyu: wani lokaci man fetur ne ya fi na bara tsada, wani lokaci kuma na wannan gari ne ya fi na wancan.