Daga Maradi: Yadda Muka Ɗora wa Shafin Alhaji Mai Gadin Kurakurai

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da warhaka. Har yanzu ina Maradi, ban tsallaka Jibiya na koma Katsina ba tukuna. Ga ni a bayan shagon wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa kusa da babbar kasuwa. Ƙarar kabu-kabu ce kuke ji a waje, ku yi haƙuri da ita. Ɗansa ne ya kira ni in duba musu shafin intanet da 'yan sari daga Damagaram da Tawa suke yin oda a kansa.

Ranar farko Alhaji ya ce mini, "Malam, mutane na cewa sun danna, abu bai tafi ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, wace irin waya suke riƙe da ita?" Ya ce shi ma bai sani ba. To, nan matsalar take. Shafi kan lalace a hannun mai saye, ba a kwamfutarka ba, kuma mai saye ba zai kira ka ya yi maka bayani ba. Shagon gaba zai wuce.

Shi ya sa muka ɗauko Sentry. Ɗan fayil ne na JavaScript da ke zama cikin burauza yana saurare. Da kuskure ya faru, sai ya aiko da rahoto: irin waya, sigar burauza, da layin da ya karye. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jawo fayil ɗin daga CDN, wato sabobin da aka baza a ƙasashe don kowa ya sha daga na kusa da shi. Layi ɗaya ka liƙa a saman shafi, shi ke nan.

Amma ku tsaya, a nan ba na gaggawa. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta sai ta ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ta kai ga wayoyin ƙarƙashin ruwa. Kun tuna Maris na 2024, da wayoyin nan suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, yadda intanet ta samu tangarɗa sosai a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Idan ka liƙa layin nan haka kawai, burauza za ta tsaya jiransa kafin ta nuna ko hoton shadda ɗaya. Rezo ya yi rauni, mai gadin da ka ɗauka ya zama shi ne ya tare ƙofar shago.

Ku matso ku ga allon. Kun ga kalmar async ɗin nan a layin da ke jawo fayil ɗin? Ita ke ce wa burauza ta ci gaba da aikinta, fayil ya iso lokacin da ya iso. Ga wasu 'yan layuka a samansa, su ne ke tara duk kuskuren da ya faru kafin isowarsa, su miƙa masa daga baya. In bai iso ba gaba ɗaya, shafi na nan na aiki.

Sai wannan dogon rubutu mai farawa da sha384, a cikin integrity. Hatimin fayil ɗin ne. Aka canza ko harafi ɗaya a can saba, burauza ta ƙi karɓa. Wannan nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai, domin a Yunin 2024 aka gano adireshin polyfill.io, inda shafuka ke jawo wani fayil na JavaScript, bayan an sayar da shi, yana cusa muguwar lamba, wato umarnin kwamfuta mai cutarwa, a shafuka fiye da 100,000. Masu shafukan ba su taɓa komai ba, amana kawai suka bayar. Don haka na kafe lambar siga guda, ba na barin ta sauya da kanta. Kusa da shi akwai crossorigin, wanda hatimin ba ya aiki sai da shi.

Na kashe ɓangaren Sentry da ke naɗar motsin mai saye a allo. Yana cin mega, kuma lambobin wayar mutane da adireshinsu ba su da dalilin barin Maradi.

Rahoton farko da ya shigo ga shi: replaceAll is not a function, wato burauza ba ta san umarnin replaceAll ba. A nan ana rubuta farashi da gurbi a tsakiya, 15 000 na sefa, kuma tsohuwar lambar kwandon saye tana amfani da wannan umarni don share gurbin. Chrome bai san shi ba sai daga siga ta 85, a 2020. Duk mai tsohuwar wayar da bai sabunta ba, maɓallin biya ba ya motsi a hannunsa. Layi ɗaya muka sauya.

Abin da ya rage shi ne manhajojin toshe talla a burauza, don wasunsu na toshe rahoton ma. Sentry na da saitin tunnel, inda rahoto zai bi ta sabar shagon kafin ya wuce. Shi za mu haɗa gobe in Allah ya kai mu, ni da ɗan Alhaji, bayan La'asar.