RAM ɗaya mai gig 16 ko biyu masu gig 8?

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Yaya Bashir mai haɗa kwamfuta yana tare da mu, ga kuma Maryam ta iso da ƙorafinta tun daga bakin ƙofa.

Maryam: Ƙorafi kam akwai shi. Yaya Bashir, wata huɗu ina tari kafin na haɗa kwamfutar gem da furosesa Ryzen 5 5600G, katin hoto ma ban saya ba tukuna. Mai shago ya ce in ɗauki RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, guda ɗaya mai gig 16, wai in bar sauran ramukan saboda gaba. Ina kunna gem sai hoto ya riƙa sarƙewa kamar janareta ya sha gurɓataccen mai.

Bashir: Ayya. Ai 5600G ba shi da rumbun hoto nasa na kansa, daga RAM ɗin kwamfutar yake ɗiba ya zana duk abin da kike gani. Kuma hanya biyu furosesa take da ita zuwa wurin RAM. Da kika sa guda ɗaya, hanya ɗaya kika buɗe, ɗayar tana zaune ba aiki.

Nura: Wato da biyu ta saya masu gig takwas-takwas...

Bashir: Gig 16 ɗin ne dai, amma abin da zai iya wucewa a lokaci guda ya ninka. Mai katin hoto bambancin bai kai haka ba a wurinsa, ita kuwa da ido za ta gani. Sai dai biyun ma akwai inda ake sa su. In madabod, wato babban allon da ake dasa komai a kai, mai rami huɗu ne, ka ƙirga daga gefen furosesa, na biyu da na huɗu, galibi an rubuta A2 da B2 a jiki. Mutane sai su jera su kusa da juna don ya fi kyan gani.

Nura: Ni ne mutanen nan, wallahi.

Bashir: Na sani, ni na gyara maka. Littafin yana cikin kwali, har da zane, ba mai buɗewa.

Maryam: To in na ƙaro wani mai gig 16 fa?

Bashir: Zai yi, ki samu 32. Amma ki je da na farkon a hannu, a duba takardar da ke manne a jikinsa: kamfani ɗaya, gudu ɗaya, lambar CL, wato ta jinkirinsa, ɗaya. In suka bambanta, mai sauri zai sauko ya bi mai nawa, wani lokacin ma kwamfutar ta riƙa mutuwa ana tsakiyar wasa. Shi ya sa na fi son waɗanda ake sayarwa biyu a kwali ɗaya, tare aka gwada su. Kin taɓa duba gudun naki kuwa?

Maryam: A kwali an rubuta 3200.

Bashir: A kwali kenan. Ki buɗe Task Manager ki duba, kada ki yi mamaki in kin ga 2133 ko 2400. Sai an shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a danna Delete lokacin da kwamfuta take tashi, a kunna XMP, saitin da yake sa RAM ya yi gudun da aka rubuta a kwali. A madabod ɗin Asus na AM4, wato mazaunin furosesar AMD irin taki, sunansa DOCP, a sababbin AMD kuma EXPO. Ko sisi ba za ki kashe ba, kuma kuɗin gudun kin riga kin biya.

Nura: Wanda zai haɗa sabuwa yau fa, wane RAM zai saya, DDR4 ko DDR5?

Bashir: Madabod ne yake yanke hukunci, don tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ba mai shiga ramin wani. AM5, mazaunin furosesa da AMD ta fitar a 2022, DDR5 kaɗai yake ɗauka. Intel na zubi na 12 zuwa na 14 akwai madabod na wannan, akwai na wancan. A AM5 ni 6000 mai CL30 nake sa wa mutane, guda biyu masu gig 16. Kuma kada lambar 30 ta tsorata ka: CL30 a 6000 da CL16 a 3200 jinkirinsu ɗaya ne, nanosakan 10. Cike ramuka huɗu da DDR5 kuwa sau da yawa sauke gudu yake yi.

Maryam: Masu fitilu kala-kala ɗin nan fa?

Bashir: Kwalliya ce. In kuɗi ya rage, ki saya.

Nura: Nawa fitila har shida, Yaya.

Bashir: Ai shi ya sa kake jan ƙafa a gem. Maryam, ki kawo ta shago ranar Asabar, ki haɗo da kwalin RAM ɗin.

Maryam: In sha Allahu. Kwalin ne dai sai na nemo, ina jin Umma ta zuba allura da zare a ciki.