Saƙar zuma a cikin salula: lacca kan wasan haɗa kala na lokacin bukukuwa

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune a gaba, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Jajibirin Sallar Layya da ta wuce, ina zaune a tsakar gida nan Yamai, samari na ta jibge itacen gashin raguna a ƙofar gida, sai na hangi ɗiyar ƙanwata ta duƙufa a kan salula ko ɗago kai ba ta yi. Na leƙa. Ƙananan gidaje ne masu kusurwa shida, manne da juna kamar saƙar zuma, wani da ƙararrawa a ciki, wani da itacen Kirsimeti, wani da dusar ƙanƙara. Ta ce mini, "Kawu, in uku masu kama ɗaya suka haɗu, fashewa suke yi." Na karɓa in gwada, ban mayar mata ba sai da aka kira la'asar. Tun ranar abin yake cina, shi ya kawo ni gabanku.

Wasannin nan suna da dangi. Bejeweled ya fito a 2001, Candy Crush a 2012, duka a kan gidaje masu kusurwa huɗu. Amma a 2003 Alexey Pajitnov, mutumin da ya ƙirƙiro wasan Tetris a Mosko, ya tsara wa kamfanin Microsoft wani wasa mai suna Hexic, inda gidajen ke da kusurwa shida. A nan ba musanya biyu ake yi ba, uku ake kamawa a juya su tare. Wanda kuma ya iya kewaye gida ɗaya da shida masu kala ɗaya, ya yi fure, sai a ba shi tauraro.

To me shida ta fi huɗu da shi? Ku saurara da kyau, nan ne zancen yake. A allo mai kusurwa huɗu, kowane gida maƙwabtansa na jiki huɗu ne, na kusurwa kuwa sun fi nisa. A saƙar zuma maƙwabta shida ne, kuma tazararsu ɗaya. Layi yana tafiya ta hanya uku maimakon biyu. Kenan motsi guda yana taɓa wurare da yawa, dole ido ya hango abin da zai faɗo bayan an fashe, ba abin da ke gabansa kawai ba. Kowace kusurwa digiri 120 ce, uku suka haɗu sun cika 360, babu ɓaraka. Siffofi masu daidaitattun gefuna uku ne kacal ke iya shimfiɗe ƙasa haka: mai kusurwa uku, mai huɗu, da mai shida. Ƙudan zuma kuwa mai shida suke ginawa, kuma sai a 1999 masanin lissafi Thomas Hales ya tabbatar da cewa babu hanyar raba fili gida-gida daidai wa daida da ta kai wannan tattalin bango. Subhanallah. Hatta injiniyoyin sadarwa, da wannan siffa suke zana yankin da kowace eriya ke riƙewa.

Dattawa, na ga kuna murmushi, na san abin da kuka tuna. Dara! Ramuka a cikin rairayi, wannan da karare, wancan da duwatsu, ka jera uku ka ci na abokin wasa. Jera uku ba baƙonmu ba ne. Bambancin shi ne mai dara yana kallon idon mutum, ana gardama ana dariya, ita kuwa ɗiyata ita kaɗai ce da gilashi.

Maganar biki kuma, riga ce ake sauya wa wasan. Disamba ta zo a sa ƙanƙara, ƙarshen Oktoba a sa kabewar bikin Halloween na Turawa, lissafin yana nan yadda yake. Ana yin haka ne don wanda ya gaji ya ajiye ya dawo, ya kalli talla, ko ya sayi ƙarin motsi in ya maƙale. Iyaye, ku duba wannan, don mega da batir ba kyauta ba ne. Ni ban ce a hana yara ba. Ku zauna kusa da su, ku tambaye su, "Me ya sa ka juya wannan ba wancan ba?" In yaro ya iya amsawa, tunani yake yi.

Abin da ke min ciwo shi ne rigar ba tamu ba ce. Yarinya a zafin Yamai, ranar jajibirin Sallah, tana jera ƙanƙarar da ba ta taɓa gani ba. Ina rago? Ina jinjirin wata, da lalle, da kilishi, da takobin kokowa? Ku ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Abdou Moumouni da na hanga a baya can, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Allo ne, da ƙa'idar maƙwabta shida, da zane mai kyau.

Yanzu kowa ya ɗauki takardar da aka raba. Ku zana gida ɗaya a tsakiya, ku kewaye shi da shida, sun zama bakwai. Zagaye na biyu gidaje 12 ne, jimla 19. Kafin mu shiga tambayoyi, wa zai faɗa mini nawa za su zama a zagaye na uku? Ke mai shuɗin hijabi, bismillah, a miƙa mata makirfo.