Tarihin Nickelodeon: Wa Ke Biyan Kuɗin Abin da Yaro Ke Kallo?

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan lokaci. Yau zan yi magana a kan tashar talabijin guda ɗaya ta yara a Amurka, wato Nickelodeon. Na zaɓe ta ne domin tarihinta ya tattara tambayoyi biyu da suka daɗe suna damuna: wa ke sauraren yaro kafin a shirya masa abin kallo, kuma wa ke biyan kuɗin shirin.

Mu fara da sunan. A farkon ƙarni na 20 akwai wasu ƙananan gidajen sinima a Amurka da ake shiga da kwabo biyar na kuɗinsu, tsabar da suke kira nikel. Daga nan kalmar ta fito. Ita kuwa tashar, asalinta birnin Columbus ne a jihar Ohio. Ranar 1 ga Disamba 1977 kamfanin Warner ya buɗe wani tsarin talabijin na kebul mai suna QUBE, wanda ake ja wa gida waya maimakon a kama shi da eriya. A cikin tashoshinsa akwai ɗaya da aka ware wa ƙananan yara, tana nuna wani shiri mai suna Pinwheel daga safe har yamma. Wadda ta tsara abin ita ce Dakta Vivian Horner, masaniyar ilimin yara. Ranar 1 ga Afrilu 1979 aka ɗora tashar kan tauraron ɗan'adam da sunan Nickelodeon, ta fara isa sauran sassan ƙasar.

Ku lura da wani abu: a waɗannan shekarun farko babu talla ko ɗaya a tashar. Kamfanonin kebul ne ke biya, su kuma su nuna wa iyaye da hukumomin gari cewa ga wani abin kirki da suka kawo. Niyya ce mai kyau. Sai dai yaran da aka yi abin dominsu ba su kalla ba. Sun ɗauke ta kamar magani mai ɗaci da ake ɗura musu, ko aji na biyu bayan an tashi daga makaranta. Zuwa 1984 asarar tashar ta kai dala miliyan 10, kuma tana can ƙasa a jerin tashoshin da ake kallo.

A wannan shekarar abubuwa biyu suka faru tare, kuma ina roƙonku kada ku raba su a zuciyarku. Na farko, tashar ta fara karɓar talla. Na biyu, ragamar ta koma hannun Geraldine Laybourne, wadda tsohuwar malamar makaranta ce. Ita da abokan aikinta suka riƙa tara yara rukuni-rukuni suna tambayarsu. Abin da suka gano shi ne yara sun gaji da a riƙa nuna musu yaran da ba sa kuskure, sun gaji da babba ya tsaya a kansu yana wa'azi. Suna son wuri nasu. Aka kira Fred Seibert da Alan Goodman, waɗanda suka yi wa tashar waƙoƙi ta MTV aiki, suka sake wa tashar kama. Daga nan tambarin nan mai ruwan goro ya fito, wanda ke canja siffa kamar an watsa fenti a bango.

Sai koren abin nan mai yauƙi da ake kwarara wa mutum a ka. Asalinsa wani shiri ne daga Kanada, You Can't Do That on Television, inda duk wanda ya ce bai sani ba sai a zubo masa shi. Babba zai ga wannan shirme ne. Ni dai na fahimci abin da ya sa ya kama zuciyar yara: a makaranta faɗin ban sani ba abin kunya ne, a nan kuwa ya zama abin dariya da kowa ke yi tare. A 1986 aka fara gasar Double Dare, inda yara ke amsa tambaya ko su shiga wasan birgima cikin taɓo, ta ja masu kallo da yawa. Da dare kuma, tun 1985, idan yara sun kwanta sai tashar ta koma nuna tsofaffin shirye-shirye domin manya.

Inda tashar ta yi abin da nake ganin ya fi komai daraja shi ne wajen katun. A shekarun 1980 da yawa daga cikin katun ɗin Amurka an gina su ne a kan kayan wasan yara da ke kasuwa: a ƙera 'yar tsana, sannan a ƙirƙiro mata labari domin a sayar da ita. Nickelodeon ta ce a bar mai zane ya zo da labarinsa. Ranar 11 ga Agusta 1991 ta fito da guda uku a rana ɗaya: Doug, Rugrats, da Ren da Stimpy. Na ukun ya jawo ƙorafin iyaye saboda ƙazantar barkwancinsa, kuma a ganina suna da gaskiya. Amma hanyar ta buɗe. Ta nan Stephen Hillenburg ya biyo, mutumin da ya koyar da ilimin halittun teku kafin ya koma zane, ya kawo labarin wani soso da ke zaune a ƙarƙashin teku. Shirin wannan soson, SpongeBob, ya fara fita ranar 1 ga Mayu 1999.

Bari in daɗe kaɗan a kan Blue's Clues, na 1996, domin malamai da ke zaune a nan. Shiri ne na yaran da ba su shiga firamare ba. Wani saurayi da 'yar kwikwiyarsa shuɗiya, ita tana barin sawun ƙafarta a kan abubuwa uku, shi kuma yana neman ma'anarsu. Zai juyo ya dubi yaron da ke kallo, ya yi tambaya, sannan ya yi shiru. Shiru na gaske, mai tsawo, har yaro ya samu damar amsawa da bakinsa. A talabijin, inda ake tsoron daƙiƙa ɗaya ta wuce ba motsi, wannan ƙarfin hali ne. Kafin a saki kowane kashi sai an gwada shi a gaban yara an ga inda hankalinsu ya tsaya da inda ya gudu. Sannan kashi ɗaya tak ake maimaitawa daga Litinin zuwa Juma'a, domin sun lura ƙaramin yaro ba ya gajiya da maimaici. Kullum ƙara fahimta yake, har ranar Juma'a shi ke riga mai gabatarwa amsa. Duk wanda ya taɓa yi wa yaro tatsuniya ɗaya sau goma ya san wannan. Shirin katun na Dora, na 2000, shi ma wannan salon shirun ya bi.

Har labarai sun yi wa yara. Linda Ellerbee ta gabatar da Nick News daga 1992 zuwa 2015, kuma a 1992 tashar ta zaunar da ɗan wasan kwando Magic Johnson tare da yara suka tattauna cutar ƙanjamau ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

To, jama'a, ga ɗaya gefen. Kunnen da aka kasa wa yaro domin a san abin da ke faranta masa, shi ne dai kunnen da mai talla ke haya. Tashar da ta guje wa katun na sayar da 'yar tsana, daga baya ita ce ta cika kasuwannin duniya da riguna, jakunkuna da kayan ciye-ciye masu hoton taurarinta. Ƙungiyoyin iyaye da masana lafiya a Amurka sun daɗe suna kuka da tallan abinci mai sukari da ake yi wa yara a irin waɗannan tashoshi. Tashar ta ɗan amsa: a 2004 ta ware rana guda a shekara, inda ta riƙa dakatar da shirye-shirye na awa uku, tana ce wa yara su fita waje su yi wasa. Abu ne mai kyau, amma awa uku ne a cikin shekara. Akwai kuma abin da ya fi ciwo. A 2024 wasu da suka yi wasan kwaikwayo a tashar suna yara sun fito sun ba da labarin cin zarafi da wulaƙancin da suka ce sun sha a wurin aiki. Yaron da ke cikin akwatin shi ma ɗan wani ne.

Majalisar Amurka ta yi doka a 1990 wadda ta ƙayyade talla a shirye-shiryen yara: minti 12 a awa a ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako. Ƙa'idar ta hau kan tashoshin kebul irin Nickelodeon. Yanzu kuwa masu kallon kebul sun ragu sosai, yara sun koma wayar hannu da YouTube, inda wancan ma'aunin mintoci bai kai ba, kuma na'ura ce ke zaɓar bidiyo na gaba.