Zanskar: Yadda Ake Zaman Sanyi a Kwarin da Ƙanƙara Ke Rufe wa Hanya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu leƙa wani kwari ne can arewacin Indiya, a tsakiyar duwatsun Himalaya, sunansa Zanskar, yana cikin yankin Ladak. Wuri ne da shekara da shekaru idan sanyi ya shigo hanya take toshewa wata da watanni, ba shiga ba fita, kuma abin da nake so mu gani shi ne me mutanen suke yi da wannan dogon zaman.

Babban garinsu shi ne Padum, tsayinsa daga teku ya haura mita 3,500. Mutanen kwarin gaba ɗaya a ƙidayar 2011 ba su cika dubu 14 ba. Shekara da shekaru hanyar mota ɗaya tal ce ke shiga, daga garin Kargil, tafiyar kilomita 230 da 'yan kai, kuma sai ta bi ta wata mashiga a kan dutse mai suna Pensi La wadda ta kai mita 4,400. Ita ma wannan hanyar sai wajen 1980 aka same ta. Da zarar dusar ƙanƙara ta sauko sosai wajen Nuwamba, Pensi La ta rufe, shi ke nan sai kuma Afrilu ko Mayu. A tsakiyar sanyin nan awon yakan sauka har digiri 30 ƙasa da sifili.

To ka ga duk wanda zai yi wannan zama dole ya shirya tun da wuri. Lokacin nomansu gajere ne, wata huɗu ne ko biyar, a ciki za a shuka sha'ir da wani irin wake da 'yar alkama, a shayar da su da ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga saman duwatsu, a girbe a sussuke. Mata su hau tudu da dabbobi, wato yak, wani irin sa mai dogon gashi na kan duwatsu, da kuma dzo wanda barbarar yak da saniya ne, su zauna can suna tatsa suna kaɗa man shanu. Ana yanko ciyawa ana jibge ta a kan rufin soro, ana tara kashin dabbobi ana shanyawa saboda itace ya yi ƙaranci, kashin nan ne makamashin da za a ƙona har sanyi ya wuce. A watannin nan ba mai lokacin wani, kowa yana tsere da rana ne.

Sai sanyi ya kama, iyali su sauko daga ɗakunan sama su koma kicin na ƙasa, ɗaki ne mai gajeren rufi da 'yar taga ƙarama, kuma turken dabbobi ya kewaye shi, don ɗumin jikin dabbobin ya riƙa taimakawa. Nan ne fa komai ke faruwa. Nan ake girki, nan ake kwana, nan ake karɓar baƙo. Murhu na tsakiya, tukunyar shayi ba ta sauka, shayin nasu kuwa da man shanu da gishiri ake haɗa shi a kaɗa a cikin wani dogon butumi na katako, a sha da garin sha'ir da aka soya, wanda ake kira tsampa. Mabiya addinin Buda a cikinsu suna da wata giyar sha'ir mai suna chang da ake zagayawa da ita a wajen taro.

Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne yadda ake hira hannu bai tsaya ba. Maza da mata kowa da mazarinsa yana kaɗin ulu, wani na saƙa, wani na ɗinkin takalmi ko yana gyaran doguwar rigar ulun da suke kira goncha, tsofaffi na juya ɗan abin addu'arsu, yara sun kewaye. Yau a gidan wannan gobe a gidan wancan, kuma akwai lissafi a ciki, in gida uku suka taru a wuta ɗaya an rage ƙona makamashin gida biyu kenan. A irin wannan daren ne ake ba da labarin Kesar, wani jarumin sarki da ake rera tarihinsa da baki tun zamanin da a duk ƙasashen da ke da al'adar Tibet, labari ne mai tsawon da ba ya ƙarewa a dare ɗaya, mai bayarwa ya tsaya a inda ya fi daɗi a dawo gobe. Yaron da ya tashi a haka a nan yake sanin wa ye danginsa, gonar wa ce ke bin ta wa wajen rabon ruwa, wace waƙa ake yi wa amarya. Gaskiya ni a ganina da ba don watannin sanyin nan ba da yawan abin da ya sa su zama al'umma ɗaya da tuni ya zube, domin lokacin noma ba a samun sararin koya wa kowa komai.

Akwai kuma wani tsari da suke kira phaspun. Gidaje ne kaɗan, ba lallai jini ɗaya ba, da suka yi alkawarin tsaya wa juna a haihuwa da aure da mutuwa. In an yi rasuwa a gida, masu gidan ba su ne ke hidimar gawa ba, 'yan phaspun ne za su zo su ɗauki nauyin komai, su bar masu makoki su yi makokinsu. Ka yi tunanin wannan a watan Janairu, ƙasa ta daskare, asibiti na nesa, ba motar da za ta zo. Wanda ke kusa da kai shi ne gatanka. Rashin lafiya ma sau da yawa wajen amchi ake fara zuwa, wato mai maganin gargajiyar Tibet na ƙauye, in abu ya yi tsanani kuma sai a jira jirgi mai saukar ungulu na sojan saman Indiya, shi ma sai sama ta washe.

Babban bikin lokacin shi ne Losar, sabuwar shekararsu, wadda a Ladak take faɗowa wajen Disamba, kusan wata biyu kafin ta Tibet. Abin da ake faɗa a tarihinsu shi ne wani sarki mai suna Jamyang Namgyal, a ƙarni na 17, ya so fita yaƙi da maƙwabtansu mutanen Baltistan, aka ce masa bai dace a fita kafin sabuwar shekara ba, sai ya jawo bikin baya, aka ci gaba a haka. Ana kunna fitilu a kan soraye, a fita da wutar yula cikin dare don korar sharrin tsohuwar shekara, sannan a shiga ziyara gida gida ana gaida manya. Manyan gidajen ibadar mabiya Buda irin su Karsha da Stongde da Phugtal, wanda aka gina a bakin kogo a jikin dutse, suna turo malamansu gidaje su yi karatun littattafansu. Af, kuma a Padum akwai Musulmi 'yan Sunna masu yawa da masallacinsu, zuriyarsu na nan tun ƙarni na 19, harshe ɗaya suke yi da maƙwabtansu, sanyi ɗaya ke dukansu, ko da yake an samu tsamin dangantaka mai zafi tsakanin ɓangarorin biyu a 2012.

Wani abin mamaki, a irin wannan ɗakin sanyi ne wani malami ɗan ƙasar Hungari, Sandor Csoma, ya zauna a garin Zangla daga 1823 zuwa 1824 yana koyon harshen Tibet, aikin da ya haifar da ƙamus ɗinsa na 1834.

To in dole ta kama sai an fita fa? A nan ne kogin Zanskar ke shigowa. A Janairu da Fabrairu yakan daskare ya zama hanya, ita ake kira Chadar. Kwana da kwanaki ake tafiya a kan ƙanƙara tsakanin dogayen duwatsu da rana da ƙyar take leƙawa, kaya a kan ɗan katakon da ake ja da igiya, a kwana a koguna da hayaƙin matafiyan da suka gabata ya baƙanta rufinsu. Ba a tafiya kai kaɗai, a ayari ake yi, na gaba yana ƙwanƙwasa ƙanƙarar da sanda yana sauraron ƙararta, domin wurin da ya ɗauke ka jiya yau yana iya karyewa, wani lokaci sai an tsunduma cikin ruwan an ratsa ko a hau gefen dutse. Da can man shanu suke kaiwa Leh, babban garin Ladak, ta nan su sayar. Daga baya kuma iyaye suka riƙa rako 'ya'yansu ta kan kogin don su koma makarantar kwana bayan hutun sanyi, uba na gaba yaro na biye, wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, dubi abin da mutum ke yi don ɗansa ya yi karatu. A farkon 2015 ma hukuma ta rufe hanyar saboda zaftarewar ƙasa ta toshe wani reshen kogin ta tara ruwa a baya, kuma ruwan ya ɓalle a watan Mayu ya tafi da gadoji.

Yanzu abubuwa na canzawa da sauri. 'Yan yawon buɗe ido sun cika Chadar, matasan kwarin na samun kuɗin dako, amma ƙanƙarar ba ta kamawa da ƙarfi kamar da. Ƙauyen Kumik ma ruwa ya yi musu ƙaranci har suka fara komawa kusa da kogi, domin in dusar ƙanƙara ba ta zuba sosai ba babu ruwan noma. A Maris na 2024 hukumar gina hanyoyin iyaka ta Indiya ta haɗe sabuwar hanya daga Nimmu da ke kusa da Leh ta bi ta Padum zuwa Darcha da ke kudu da kwarin, kusan kilomita 298, kuma a Yulin 2024 ɗin aka ƙaddamar da haƙa rami ta ƙarƙashin mashigar Shinku La don mota ta riƙa wucewa ko a tsakiyar sanyi. Ni dai ina murna da hanyar, macen da naƙuda ta zo mata da gardama ba labarin Kesar take buƙata ba, asibiti take buƙata. Damuwata ita ce masu hali sun fara kwashe iyali zuwa Leh ko birnin Jammu in sanyi ya kama, su bar tsofaffi da dabbobi a ƙauye, kuma tsofaffin nan su ne suka haddace labaran da waƙoƙin, yaran da ya kamata su zauna su ji kuwa suna can birni har hutu ya ƙare.